Gaskiya ko Jita-jita: Wa Ke Kutsen, Ɗan Rasha ko Ɗan Unguwa?

Da zarar wata tashar talabijin ta waje ta kawo labarin kutse a kwamfuta, hoton da take ɗorawa kusan ɗaya ne: saurayi cikin baƙar riga mai hula, fuska a rufe, yana danne-danne a ɗaki mai duhu, ga tutar Rasha ko ganuwar fadar Kremlin a bayansa. An maimaita hoton nan har ya zauna daram a zukata, ya iso majalisun shayi na Yelwa da Rumde Ajiya. A Garwa maganar ta rabu gida biyu. Akwai masu ganin duk kuɗin da ya ɓace a waya, duk shafin Facebook da aka ƙwace, aikin wasu gwanaye ne a Mosko. Akwai kuma masu cewa ƙaryar Turawa ce zalla, Faransa da Amurka ne ke shafa wa Rasha baƙin fenti don ta tsone masu ido a Afirka. Ɓangare na biyun ya ƙara ƙarfi tun da Rashawa suka shiga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2018, da kuma bayan da Kamaru ta sa hannu kan yarjejeniyar soja da Rasha a Mosko cikin Afrilun 2022. Bari mu auna maganganun nan da abin da ya tabbata.

"Rasha ce kan gaba a laifukan intanet"

Wannan gaskiya ce, kuma masu son Rasha a cikinmu sai su daure su saurara. A Afrilun 2024 masana daga Jami'ar Oxford da wata jami'ar Ostareliya suka fitar da jerin ƙasashen da laifukan intanet suka fi fitowa daga cikinsu, bayan sun tambayi ƙwararru 92 masu bin sawun irin waɗannan laifuka. Rasha ce ta ɗaya da tazara mai faɗi. Yukren ta biyo ta, sai Sin, sai Amurka a ta huɗu, maƙwabciyarmu Najeriya a ta biyar. Jerin ra'ayin ƙwararru ne, ba ƙidayar ɓarayi ɗaya bayan ɗaya ba, amma sawun kuɗi ma can ya nuna. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin kuɗin kirifto ya lissafa cewa kashi 74 cikin 100 na kuɗin fansar da aka biya masu garkuwa da bayanai a 2021, sama da dala miliyan 400, ya tafi ne ga ƙungiyoyin da ke da alaƙa da Rasha.

Garkuwa da bayanai ita ce sana'ar da suka yi suna a kai. Su saka wa kamfani ko asibiti wata muguwar manhaja ta kulle dukan fayilolinsa, su ce sai an biya kafin su ba da mabuɗi. A Mayun 2021 ƙungiyar DarkSide ta yi wa kamfanin Colonial Pipeline haka, bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha ya tsaya cik, aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai, kamfanin ya biya dala miliyan 4.4. Shugaban Amurka na lokacin, Biden, da kansa ya ce ba su ga hannun gwamnatin Rasha a ciki ba, sai dai masu laifin a Rasha suke zaune.

Me ya sa can? Ba jininsu ba ne, ba kuma halittarsu ba. Tarayyar Sobiyet ta bar gadon makarantu masu ƙarfi a lissafi da injiniyanci, sai ta ruguje a 1991 ta bar dubban masu ilimi ba aikin kirki. Sashe na 61 na tsarin mulkin Rasha ya hana miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa don a yi masa shari'a. Ga kuma wata ƙa'ida da ɓarayin suka ɗora wa kansu: ba a taɓa na gida. Da yawa daga cikin manhajojin nasu sukan fara duba harshen da aka saita kwamfuta a kai, in suka tarar da Rashanci sai su janye ba su yi ɓarna ba. Wanda ya kiyaye wannan ƙa'ida, ya kuma guji tafiya hutu ƙasar da za a iya cafke shi, yakan zauna lafiya. Amurka ta sa ladan dala miliyan 3 a kan Evgeniy Bogachev tun 2015, ta sa miliyan 5 a kan Maksim Yakubets a 2019, ba ɗayansu da ya shiga hannunta.

"Duk ƙagen Turawan Yamma ne"

Jita-jita ce. Hukumar tsaron cikin gida ta Rasha, FSB, ita da kanta ta sanar a Janairun 2022 cewa ta kama mutum 14 'yan ƙungiyar REvil mai garkuwa da bayanai, ta nuna bidiyon tulin kuɗin da ta ƙwace. Gwamnati ba ta kama abin da babu shi.

Akwai wani lamari da ya kamata ya dami kowane Musulmin arewacin Kamaru. A daren 8 ga Afrilun 2015 tashoshin TV5Monde, waɗanda ake kallo a gidaje da yawa a nan, suka ɗauke ɗif. A shafukan tashar na sada zumunta aka ga saƙonni da sunan wata ƙungiya wai ita CyberCaliphate, mai iƙirarin biyayya ga Da'esh. Ku tuna lokacin: wata uku bayan harin Charlie Hebdo a Faris, Boko Haram na kan ganiyarta a Kolofata da Fotokol. Duniya ta kwana ta tashi tana cewa masu jihadi sun kai yaƙinsu intanet, Musulmi suka ƙara shan kallon tuhuma. Bayan wata biyu masu binciken Faransa suka gano sawun ya nufi wata ƙungiya da ake kira APT28, wadda ake dangantawa da sashen leƙen asirin sojan Rasha, GRU. A Afrilun 2025 gwamnatin Faransa ta fito fili ta ɗora wa sashen alhakin. Rasha tana musanta irin waɗannan zarge-zarge, amma masu bincike na ƙasashe da kamfanoni dabam-dabam sun haɗu a kan amsa ɗaya. Ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda ya yi aikin ya zaɓi ya ɓuya a bayan sunan addininmu, ya san sarai a kan wa zargin zai faɗa.

A Yunin 2017 kuma aka saki muguwar manhajar NotPetya ta cikin wata manhajar lissafin haraji a Yukren, ta ƙwace ta bazu duniya. Fadar White House ta ƙiyasta ɓarnar da dala biliyan 10. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda kwantenoninsa ke sauka a Duwala kafin kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere su shigo mota zuwa Garwa, ya yi asarar kusan dala miliyan 300. A Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi jami'an GRU shida da sunayensu kan wannan aiki.

Mu ma an taɓa mu ta wata fuskar. A ƙarshen Oktoban 2019 Facebook ya rufe gungun shafukan bogi da ya ce suna da alaƙa da Yevgeny Prigozhin, mai kamfanin sojojin haya na Wagner a lokacin, waɗanda ke yaɗa farfaganda a ƙasashen Afirka takwas. Kamaru na cikinsu.

"In manyan kafafen waje suka ce Rasha ce, to ita ce"

Nan ma jita-jita ce, kuma a nan ne masu ƙorafi suke da hujja a hannu. A ƙarshen Disambar 2016 jaridar Washington Post ta buga cewa masu kutsen Rasha sun shiga layin wutar lantarkin Amurka ta wani kamfani a jihar Vermont. Labarin ya zagaye duniya cikin sa'o'i. Da ƙura ta lafa sai ga shi kwamfutar tafi-da-gidanka guda ce, ba ta ma haɗe da layin wutar, jaridar ta janye maganar. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. A 2015 aka kutsa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka yi ta yayata cewa wasu masu jihadi ne daga Rasha. Wanda 'yan sanda suka fara kamawa yaro ne ɗan shekara 15 a Arewacin Ireland, sauran da aka gurfanar ma samarin Birtaniya ne. Wanda ya jagoranci ƙwace shafukan Twitter na Obama da Bill Gates a 2020 ɗan shekara 17 ne daga Florida.

WannaCry, wadda ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150 a Mayun 2017, Amurka da Birtaniya Koriya ta Arewa suka ɗora wa. Makamin da aka gina ta a kai kuwa daga rumbun hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, aka sato shi, kuma Rasha na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har ma'aikatar cikin gidanta ta ce an taɓa kwamfutocinta kusan 1,000. Stuxnet, manhajar da ta lalata injinan nukiliyar Iran kafin a gano ta a 2010, Amurka da Isra'ila ake dangantawa da ita. A Disambar 2020 Facebook ya sake rufe shafukan bogi da ke fafatawa a kan Afirka ta Tsakiya da Mali, wannan karon gungu ɗaya na Rashawa, ɗayan na mutanen da ke da alaƙa da sojan Faransa. An ba da labarin, gaskiya, amma ba wanda ya mayar da shi tambari a goshin kowane Bafaranshe.

Akwai kuma sakacin da ake yi wajen haɗa kowa a buhu ɗaya. Waɗannan ƙungiyoyi da Rashanci suke magana, shi ne harshen kasuwarsu, amma membobinsu sun warwatsu a tsoffin ƙasashen Sobiyet. Yaroslav Vasinskyi, wanda kotun Amurka ta ɗaure sama da shekara 13 a 2024 kan ayyukan REvil, ɗan Yukren ne. Da ƙungiyar Conti ta bayyana goyon bayan Rasha a farkon yaƙin 2022, wani ɗan Yukren ne ya fusata ya watsa asirin hirarrakinsu ga duniya.

Adalci ya sa a ƙara da wannan: 'yan jaridar Yamma ne suka tona asirin gwamnatocinsu. New York Times ce ta bankaɗo hannun Amurka a Stuxnet a 2012, Guardian da Washington Post suka buga takardun sirrin NSA da Edward Snowden ya fitar a 2013. Matsalar ba ta ƙirƙirar ƙarya daga babu ba ce a mafi yawan lokaci. Gaggawa ce, da kasala, da son labarin da ya dace da abin da masu sauraro suka riga suka yarda da shi. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 140 ta koma saurayi guda mai baƙar hula.

Ɗan Kamaru bai kamata a yi masa dogon bayani kan zafin irin wannan tambari ba, don an taɓa manna mana shi. A Disambar 2009 kamfanin McAfee ya fitar da rahoto cewa adireshin intanet na ƙasarmu, .cm, shi ne mafi haɗari a duniya, da ma'aunin haɗarin kashi 36.7 cikin 100. Jaridun Turai da Amurka suka ɗauka, sunan Kamaru ya fito a kanun labarai kamar mu ne matattarar ɓarayin kwamfuta. A shekarar kuwa waɗanda ke shiga intanet a ƙasar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, a Garwa sai mutum ya je shagon intanet ya biya kuɗin awa. Asalin abin shi ne .cm harafi ɗaya ya raba shi da .com. Miliyoyin mutane a duniya in suna sauri sukan tsallake harafin "o", sai su faɗo adireshinmu ba da niyya ba. 'Yan kasuwar waje suka hango riba a wannan tuntuɓen yatsa. Wani ɗan Kanada mai suna Kevin Ham ya ƙulla yarjejeniyar da ta riƙa karkatar da masu kuskuren zuwa shafinsa na talla, kamar yadda mujallar Business 2.0 ta bayyana a 2007, wasu kuma suka yi rajistar sunaye masu kama da na manyan kamfanoni suka ɗana tarkon mugayen manhajoji. Alƙaluman rahoton ba ƙarya ba ne. Fassarar da mai karatu a Landan ya yi masu ce ta zama zalunci a kan manomin auduga na Pitowa da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Haka ɗan kasuwar Kano mai gaskiya ke shan tambayoyi a filin jirgin sama saboda 'yan 419. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma injiniyan Rasha mai neman halalinsa yana cikin garin da aka ɓata.

"Masu kwashe kuɗin Orange Money da MoMo gwanayen kutse ne daga waje"

Wannan ce jita-jitar da ta fi cutar da mu, domin tana sa mutum ya ɗauka ba abin da zai iya yi. Mai garkuwa da bayanai a Mosko miliyoyin daloli yake nema a wurin kamfanonin da ke da inshora. Jaka ashirin ɗin da ɗanki ya turo miki daga Yawunde ba ta cikin lissafinsa.

Wanda ke bin wannan jaka ashirin ya san ki, ko ya san irinki. Yana jin Fulatanci, yana jin Faransanci, wani lokaci har Hausa. Ya san ranar da ake biyan albashi, ya san lokacin da SODECOTON ke biyan manoma kuɗin auduga, ya san hidimar da ke kan mutane gab da Sallah. Ba ya fasa komai, kira yake yi. Zai turo saƙon da ya yi kama da na shigar kuɗi, ya biyo da waya cikin marairaicewa: Hajiya, don Allah kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ki taimaka ki mayar mini. Ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe layi in ba a sabunta rajista yanzu ba, danna kaza, sa lambar sirri. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne ya riga ya tura buƙatar cire kuɗi daga asusunki, lambar da kika sa ita ce amincewarki. Na WhatsApp ma haka: a ce an turo maka lamba shida bisa kuskure, karanto mini. Da ka karanta, shafinka ya koma hannunsa, ya shiga roƙon 'yan uwanka da sunanka. Sai masu buɗe shafin Facebook da hoton minista ko babban jami'i suna sayar da gurbin aikin gwamnati. Wannan sana'a tana da tsohon tarihi a ƙasar nan tun kafin wayar hannu, tun zamanin 'yan damfarar da ake kira feyman na Duwala a shekarun 1990, irin su Donatien Koagne da ya ƙare a kurkukun Yaman.

Ko manyan bankunan ma, ga abin da bincike ya nuna. A Nuwambar 2022 aka fitar da rahoto kan wata ƙungiya da aka laƙaba wa OPERA1ER, wadda tsakanin 2018 da 2022 ta kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, ciki har da Kamaru, Nijar da Najeriya. An tabbatar ta sace aƙalla dala miliyan 11, ana jin adadin zai iya kai miliyan 30. Da Faransanci suke aiki. Su aiko wa ma'aikacin banki wasiƙar imel kamar daga ofishin haraji ko ta neman aiki, ya buɗe, su shige su yi lamo wata da watanni suna koyon yadda ake sarrafa kuɗin gidan, sannan su kwashe a ƙarshen mako ko ranar hutu ta hannun ɗaruruwan asusun 'yan amshin kaya. A 2023 Interpol ta sanar da kama wanda ake zargin jigo ne a cikinsu a Kodebuwa. To wa ya tona su? Sashen tsaron intanet na Orange tare da Group-IB, kamfanin da wasu samarin Rasha suka kafa a Mosko a 2003 kafin ya mayar da hedkwatarsa Singafo. Wato a wannan shari'a da ta shafe mu kai tsaye, ɓarayin 'yan nahiyarmu ne, kamfanin da Rashawa suka gina yana cikin masu bin sawu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Ilya Sachkov, mutumin da ya sha sukar yadda ake ƙyale masu kutse a ƙasarsa, kotun Mosko ta ɗaure shi shekara 14 a 2023 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, a shari'ar da aka yi a asirce.

Samamen Interpol ma gida suka nuna. A 2023 an kama mutum uku a Kamaru kan damfarar sayar da kayan zane-zane ta intanet ta dala 850,000. A 2024, cikin samamen Serengeti da aka kama mutum 1,006 a ƙasashen Afirka 19, an cafke wani gungu a nan da ke yaudaro matasa daga ƙasashe bakwai da alƙawarin aiki, ya tsare su, ya tilasta masu jawo wasu.

Akwai ɗan Rasha guda da ya taɓa aljihun mutanenmu da gaske: Sergei Mavrodi, wanda ya kafa tsarin zuba kuɗi na MMM. Da tsarin ya daskare a Disambar 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta Najeriya ta ce mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Amma shi ma bai kutsa kwamfutar kowa ba. Alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata ya yi, maƙwabta da abokan aiki suka yi masa talla. Bayansa mun ga irinsa, MIDA a Yawunde a 2018, mun ga Liyeplimal, duka na 'yan ƙasa.

"Manhajar Kaspersky ta leƙen asiri ce"

Ba a tabbatar ba a bainar jama'a. Manhajar kare kwamfuta ce ta wani kamfanin Rasha. Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da ita a 2017, ta haramta sayar da ita baki ɗaya a 2024, Jamus ta yi gargaɗi a 2022. Hujjarsu ita ce gwamnatin Rasha na iya tilasta wa kamfanin ba da haɗin kai, kamfanin kuma ya musanta. Ma'aikatar gwamnati ko rundunar soja tana da dalilin yin taka-tsantsan da kowace manhajar waje, ta Rasha ce ko ta Amurka ko ta Sin. Mai shagon buga takardu a kusa da babbar kasuwa kuwa, haɗarin da ke gabansa shi ne manhajar sata da aka ɗora masa kyauta, da filashin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun 21 ga Disambar 2010, tana da hukumar ANTIC mai kula da fannin, amma yawancin waɗanda aka damfara kunya ke hana su kai ƙara, ɓarawon kuma ya ci gaba da kiran na gaba da layin nan dai. Mai karatu, in abin ya same ka, je ofishin kamfanin wayarka a ranar, ka wuce wurin 'yan sanda ko jandarma da lambar da ta kira ka da saƙon da aka turo. Ka zaunar da iyayenka da matan gida ka faɗa masu da harshen da suke ji: babu ma'aikacin kamfanin waya ko na banki da aikinsa ke buƙatar lambar sirrinsu, duk wanda ya tambaye ta a kashe wayar.